Guzurin Kaka: Yadda Masu Zuwa Makka a Ƙasa Suke Neman Abinci a Hanya

Ranar da na raka maƙwabcina sansanin alhazai na Mando da ke Kaduna domin jiran jirgi, na lura cewa duk inda mutum biyu suka tsaya maganar guzuri suke yi, kuma abin da suke nufi da kalmar shi ne dalolin da ake danƙa wa maniyyaci kafin tashi. Ban ga laifin hakan ba, domin wanda zai hau jirgi da hantsi ya yi sallar magariba a ƙasa mai tsarki ba shi da bukatar taikin gero. Sai dai ni a gidanmu na Tudun Wada na tashi ina jin wannan kalma da wata ma'ana dabam, daga bakin kakata wadda ta haifi babana, wadda ta je Makka a ƙasa tare da Malam, kamar yadda take kiran mijinta, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai na 1960. Sun shafe sama da shekara uku kafin su yi ido biyu da Ka'aba.

Idan baƙi suka zo gaishe ta suka nemi labarin Makka, takan ba su labarin ɗawafi da tsayuwar Arfa. Amma idan daga ita sai mu jikoki a tsakar gida bayan isha'i, labarin abinci take bayarwa: garin da suka tarar kasuwa ta watse, da rijiyar da ruwanta ke da zartsi, da ranar da gero ya ƙare musu a tsakiyar daji. Ina yaro abin yakan ba ni mamaki, har wata rana na ce mata, "Hajiya, me ya sa kullum labarin tuwo kike ba mu?" Ta dube ni ta ce, "Maigidana, Malam allo da tawada ya ɗauka, ni kuwa tukunya aka ba ni, kowa abin da ya ɗauka yake tunawa." Sai da na girma na gane nauyin wannan magana. Abin da na tsinta daga labaran nata shi ne, mai tafiya a ƙasa cikin karkara yana samun abinci ne gwargwadon yadda ya san rana da lokaci da mutane, domin babu kanti mai jiran sa a bakin hanya.

Daga wani ƙauye na ƙasar Igabi suka tashi bayan an gama girbi. Zaɓen wannan lokaci hikima ce babba, saboda a kaka hatsi ke araha, rumbu ke cike, mai gida ke iya kyauta ba tare da ya ji ciwo ba, kuma hanyoyin da damina ta lalata suke bushewa. Jirgin ƙasa ya kai su Kano, inda suka sayi jaki guda suka shiga ayarin wasu maniyyata, daga nan kuma sai ƙafa.

Takan daɗe a kan abin da ta ɗora wa jakin nan, kuma ni ma zan ɗan tsaya a kai, domin a nan ne ilimin yake. Kowane abu sai ya cika sharaɗi biyu kafin ya shiga mangala: ya jure zafin rana na makonni ba tare da ya lalace ba, kuma a iya cin sa ko da ba a hura wuta ba. Saboda haka ta yi gumba mai yawa ta shanya, wadda ruwa kawai take bukata a dama ta a ƙwarya. Ta tara ƙanzo na kusan wata biyu kafin tafiya, domin idan aka jiƙa shi aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji ya zama kwaɗon da zai riƙe cikin mutum wuni guda. Akwai kilishi kaɗan da dambun nama na ranar da jiki ya gaza. Sannan ga kayan miya, wato kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kanwa da gishiri, waɗanda ba su da nauyi amma su ne ke mayar da garin hatsi abincin da za a ci a ƙoshi. Hatsin kansa ba ta ɗauki fiye da na kwana goma ba, saboda jaki ɗaya ba zai ɗauki abincin wata uku tare da salkar ruwa da tabarmi da littattafan Malam ba. Turmi kuwa ba ya tafiya, sai dai a are shi a duk gidan da aka sauka, kuma aron turmi, in ji ta, shi ne ƙofar da mace baƙuwa ke shiga cikin matan gari ta ji inda ake awo da farashin mudu.

A cikin ayarin nasu akwai mutanen da suka fito hannu rabbana, suna cewa sun dogara ga Allah. Kaka ba ta taɓa ambaton su da izgili ba, amma takan ce Malam ya sha karanta musu ayar nan ta 197 a cikin Suratul Baƙara wadda ta umarci mahajjata da su yi guzuri. Daga baya na karanta dalilin saukar ayar kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, cewa wasu mutanen Yaman ne suke zuwa aikin hajji ba tare da guzuri ba suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun isa Makka kuma sai su koma roƙon mutane. Ashe tun wancan zamani matsalar ke nan, kuma a kan hanya nauyin irin waɗannan mutane yakan faɗa ne a kan tukunyar matan ayari.

Babban abin da ke tsara tafiyar shi ne ranar kasuwa. A karkara kasuwa sau ɗaya take ci a mako, ko kuma bayan 'yan kwanaki, kuma wanda ya iso gari washegarin ranar kasuwa zai tarar da rumfuna babu kowa sai awaki. Don haka tambayar farko da madugu ke yi a kowane zango ita ce wace kasuwa ce ke ci a gaba, kuma kwana nawa ne tsakani. Sau da yawa sukan yi sammako su haɗa tafiyar yini biyu a ɗaya domin su riski kasuwa kafin la'asar, wani lokaci kuma su yada zango kwana biyu suna jira, ko da ƙafafunsu na da sauran ƙarfi. Ta ce ta koyi cewa ba a awo da sassafe lokacin da masu hatsi ke da tsada, kuma ba a jira sai kasuwa ta fara watsewa lokacin da sai tsakuwa da dusa suka rage. Tsakanin azahar da la'asar ne ma'auna ke sassautawa.

Daga Kano zuwa Maiduguri ba su sha wuya sosai ba, domin ƙasa ce da ake jin Hausa kuma garuruwa irin su Azare da Potiskum da Damaturu suna da kasuwanni manya. Bayan Maiduguri, ta Dikwa zuwa Gamboru, suka shiga ƙasar firgi, baƙar laka wadda ba ta ratsuwa da damina, amma da rani ita ce ke ba da masakwa, dawar nan da ake dasawa bayan ɗaukewar ruwa a girbe ta cikin sanyin hunturu. Sun yi sa'a sun iso ana girbinta, sai suka tsaya mako biyu suna taya sussuka da sheƙa, aka biya su da hatsi. A Kusiri, inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari, ta sayi busasshen kifi mai yawa, sannan suka haye zuwa Fotlami, birnin da aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. A nan ne kuma sule da kwabo suka daina aiki, sai faranka, kuma canjin kuɗi a hannun wanda ba a sani ba asara ce tabbatacciya, shi ya sa kowa ke neman zangon Hausawa kafin ya taɓa aljihunsa.

Ban san wani tsari da ya ceci rayukan maniyyata kamar zango ba. A kusan kowane babban gari na wannan hanya akwai unguwar Hausawa da shugabanta, galibinsu mutanen da su ma hajji suka fito suka tsaya, ko dai kuɗi ya ƙare, ko aure ya riƙe su, ko kasuwa ta karɓe su. A wurinsu baƙo ke samun masauki da tafinta da labarin hanyar gaba, kuma a wurinsu ake samun abin da kasuwar gari ba ta da shi, kamar daddawa da goro. Sarkin zango ne zai gaya wa madugu cewa rijiyar wuri kaza ta ƙafe bana, a bi ta wani wajen, ko kuwa ƙauyen da ke gaba ya yi fari, kada a sa ran awo a can. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya tambayi wanda ya taka hanyar kwanan nan, domin labarin bara ba ya amfani a kan rijiya.

Tsakanin Fotlami da Abashe, ta hanyar Ati, akwai tafiyar sama da kilomita 700, kuma a nan ne ta fi daɗewa idan tana ba da labari. Garuruwa sun yi nisa da juna, kasuwa sai an kwana uku ko huɗu ba a gani ba, kuma kuɗi ba shi da daraja sosai a wurin makiyaya. Abin da ke aiki shi ne musaya. Matan Larabawan Shuwa sukan fito bakin hanya da nono da man shanu, su karɓi gero ko gishiri ko kanwa, kuma Kaka ta ce allura guda da zare sun taɓa saya mata nonon da ya ishe su kwana biyu. Ba ta jin Larabcinsu a lokacin, su ma ba sa jin Hausa, sai nuni da yatsa da cika ƙwarya da ragewa har a daidaita. Ruwa kuma sau da yawa sai an tona rairayin rafin da ya bushe kamu biyu ko uku, a jira ya tsattsafo, a tace da gefen zane. Dokar da ta kafa wa kanta ita ce, ba a wuce ruwa da salka rabi, ko da an ce akwai rijiya a gaba kaɗan.

A Abashe kuɗinsu ya ƙare ƙaf, damina kuma ta kawo kai, sai suka zauna. Wannan shi ne abin da masu jin labarin shekara uku ba su cika fahimta ba, suna zaton duk tafiya ce. Mafi yawan lokacin zama ne na neman guzurin zango na gaba. Malam ya buɗe makarantar allo a unguwar Hausawa yana kuma ɗinkin hula, ita kuwa ta shiga surfe da daka a gidajen mutane, daga baya ta fara dama fura tana sayarwa. Suka ari gona suka noma gero, suka girbe, suka cika taiki, sannan suka tashi ta Adare suka shiga Sudan ta Junaina.

A Darfur ta ga abin da ta riƙa ba da labarinsa har tsufanta. Daddawarta ta daɗe da ƙarewa, sai wata mata ta ba ta wani baƙin abu mai ƙarfin wari da suke kira kawal ta ce ta sa a miya. Da ta bincika sai ta tarar ganyen tafasa ne ake dakawa a rufe a tukunya a binne har ya ruɓa, sannan a shanya, wato tafasar nan da ke tsirowa a bayan kowane gida a ƙasarmu. Haka kuma ta tarar miyarsu ta busasshiyar kuɓewa ce da suke kira weka, tuwonsu kuma asida, na gero ko dawa. Takan ce tun daga Kano har bakin teku ba ta fita daga ƙasar gero da dawa ba, suna ne kawai ke sauyawa, kuma wannan ne ya sa tafiyar ta yiwu ga talaka, domin matar da ta iya tuƙa tuwo a Igabi za ta iya ciyar da iyalinta a Fashir.

Wuri mafi tsanani shi ne tsakanin Fashir da Ubayyid, ta Nuhud, ƙasar yashi mai ƙarancin rijiyoyi. A can mutanen yammacin Kordofan suke rarake cikin manyan bishiyoyin kuka, waɗanda suke kira tabaldi, su cika su da ruwan sama da damina, su riƙa ja da guga da rani. Kowace kuka da mai ita, kuma ruwan sayarwa ake yi wa matafiyi ko a ba shi sadaka. Mu da muka san kuka da miya da igiya, ban taɓa tunanin za ta zama rijiya ba sai da na ji daga bakinta, daga baya kuma na tabbatar a karatu. Inda babu kuka sai kankana, wadda suke shukawa da yawa su adana ta saboda ruwanta, mutum ya sha, jaki ma ya ci. A wannan yanki ta ce ta ga darajar halwa, wato tsangayar mutanen Sudan, inda baƙo ke sauka a kawo masa abinci daga gidajen gari ba tare da an tambayi sunansa ba. Sun kuma yi 'yan watanni suna tsintar ƙaro, wanda Ubayyid ce babbar kasuwarsa, domin su tara kuɗin jirgin ƙasa.

Layin dogo ya isa Ubayyid tun 1912, kuma bai kai Nyala ba sai 1959, saboda haka a zamaninsu Ubayyid ce ƙarshen doguwar tafiyar ƙafa. Duk da haka ba su wuce kai tsaye ba, sun sauka a Jazira, inda aka buɗe babban aikin noman auduga a 1925 bayan gina madatsar ruwa ta Sinnar, kuma inda dubban mutanenmu suke cirar auduga domin haɗa kuɗin jirgin ruwa. Sun ziyarci Mai Wurno a bakin kogin Nilu, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A can ta sake jin ƙamshin daddawa bayan fiye da shekara, kuma ta ce sai da ta yi hawaye. Daga nan sai Sawakin, sai teku, sai Jidda.

Shekaru bayan rasuwarta, ni da wani ɗan baffana muka yi niyyar ziyartar ƙauyen da ta fito domin gaida dangi da yin addu'a a maƙabartar kakanni, muka kuma yanke shawarar mu sauka a bakin titin Zariya bayan Birnin Yero mu ƙarasa a ƙasa. Tafiyar yini ɗaya ce kacal, kuma ina jin kunyar kwatanta ta da tata, amma ta ishe ni in ga cewa ƙa'idojinta suna nan daram. A bakin titi komai akwai, daga mai shayi da burodi har masu ƙosai da ruwan leda, amma da muka yi nisan awa biyu sai komai ya ɗauke. Ƙauyen farko yana da ɗan shago guda, mun same shi a kulle domin mai shi yana gona, aka ce sai bayan la'asar. A na biyu mun samu shago a buɗe, sai dai abin da ke ciki sabulu ne da ashana da dunƙulen magi da man fetur a kwalabe, babu abin da mai yunwa zai ci nan take, kuma katin banki da ke aljihuna bai amfane ni da komai ba domin babu mai na'urar cire kuɗi, sabis ɗin waya ma sai an hau tudu. Da azahar muka tarar da 'yan matan Fulani biyu a gindin tsamiya da ƙwaryar fura da nono, suka shaida mana cewa nan suke zama kullum daga hantsi zuwa azahar, da mun makara da rabin awa da ba mu same su ba. Wani dattijo da ya zo wucewa a keke ya tsaya muka gaisa, na ce, "Baba, ina za mu samu ruwa a gaba?" Ya ce, "Samari, ku cika gorarku a rijiyar masallacin nan, famfon garin gaba ya lalace tun kafin azumi." Muka cika, muka isa garin gaban muka tarar da famfon kamar yadda ya faɗa.

Wanda zai yi irin wannan ziyara a yau, shawarata gare shi ita ce ya riƙe tsabar kuɗi ƙanana domin ba a samun canji, ya ci abin da ya samu da safe tun yana bakin titi, ya sa ƙuli-ƙuli da dabino a jaka, ya tambayi ranar kasuwar yankin kafin ya sa rana, kuma kafin duk wannan ya nemi labarin tsaron hanya daga mutanen wurin, domin halin da karkarar jiharmu ta shiga a shekarun nan ba ɓoyayye ba ne.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, sunayen da na haddace daga bakin Kaka su ne nake ji a rediyo. Junaina da Fashir sun ga bala'i, Adare ta cika da 'yan gudun hijira, kuma a watan Agustan 2024 aka tabbatar da aukuwar yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da Fashir. Duk lokacin da na ji, abin da ke zuwa raina shi ne jikokin matar da ta ba ta kawal da jikokin masu kukar da suka shayar da ita suna cikin waɗannan mutane, su da kakanninsu suka ciyar da namu ba tare da sun san su ba. Ina roƙon Allah Ya kawo musu sauƙi, kuma duk wanda ya samu amintacciyar hanyar taimaka musu ya taimaka.

Tun da ta dawo daga Makka har ta koma ga Allah, Kaka ba ta taɓa barin randar zauren gidanmu babu ruwa ba, da moɗa a kan murfi, kuma ta hana a tambayi mai sha daga ina ya fito. Da ƙarfinta ya ƙare ta ɗora wa matan gida, daga baya aikin ya dawo kan yara. Yanzu ɗana na biyu ne ke cika ta bayan sallar asuba kafin ya tafi makaranta, kuma a watannin zafi almajirai da masu tura baro da masu tallan rake sukan shanye ta kafin azahar, sai ya sake cikawa idan ya dawo.